Shopify Flow a shagon atamfa a Garwa: magatakardan da ba ya barci, ba ya kuma ganin kanta

Na shafe fiye da shekara guda ina amfani da manhajar Shopify Flow wajen sanya wa kayan da suka ƙare laƙabi, wato kalmar da ake manna wa kaya a kwamfuta don a iya tace su da ita, a shagonmu na intanet, kuma da yake abokan kasuwanci daga Marwa da Ngaundere sun sha tambayata ko abin ya kai a ɓata masa lokaci, na ga ya fi dacewa in rubuta amsar sau ɗaya, dalla-dalla, in huta da maimaita ta a waya. Shagonmu yana cikin Babbar Kasuwar Garwa, muna sayar da atamfa da shadda da leshi da mayafai, sari da kiri, kuma tun zamanin mahaifinmu lissafin kaya yana cikin babban littafi ne da kuma cikin kan mai shago. Shagon intanet ya zo daga baya, bisa shawarar ɗan yayata da ya yi karatu a Jami'ar Ngaundere, kuma shi ne ya riƙe mini hannu a duk abin da zan bayyana a nan.

Abin da ya kai mu ga neman wannan manhaja ba abin alfahari ba ne. Ana saura kwanaki kaɗan azumi ya ƙare, wata Hajiya daga Marwa ta ga wata atamfa a shafinmu, ta zaɓe ta a matsayin ankon bikin 'yarta da za a yi bayan Sallah, ta yi odar turmi 12, ta turo kuɗin gaba ɗaya ta waya ba tare da ta nemi ko ragi ba. Shafin yana nuna akwai 14. Da yaron shago ya hau kanta ya sauko da su, 5 muka ƙirga, domin sauran an sayar da su hannu da hannu a cikin cunkoson kasuwar Sallah, babu wanda ya tuna da kwamfuta. Ni da kaina na kira ta, na ce, "Hajiya, a yi mana haƙuri, laifinmu ne, turmi biyar suka rage." Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Alhaji, ai na riga na tura wa dangi hoton, har da na Njamena. Yanzu da wane baki zan ce musu a canza?" A ranar na mayar mata da kuɗinta har da kuɗin cirewa, amma ba ta sake sayen ko ƙyalle a wurinmu ba, ni kuma ban ga laifinta ba. Zan dawo kan wannan labari, domin sai daga baya na fahimci cewa manhajar da muka ɗauko saboda shi ba za ta hana shi faruwa ita kaɗai ba.

Shopify kamfani ne na ƙasar Kanada mai hedikwata a Otawa, wanda aka buɗe a 2006 bayan Tobias Lütke da abokansa sun gina wa kansu shagon intanet na sayar da allunan zamiya a kan dusar ƙanƙara, suka ga cewa manhajar da suka rubuta za ta amfani wasu 'yan kasuwa. Flow kuwa ƙaramar manhaja ce ta kamfanin da ake ɗorawa a kan shagon, aikinta shi ne ta yi wa mai shago ayyukan da ake maimaitawa kullum ba tare da an taɓa ta ba. An fito da ita a 2017 domin manyan 'yan kasuwa masu tsarin Plus kaɗai, daga baya aka riƙa sassautawa, har a 2023 aka buɗe ta ga masu tsarin Basic irinmu. Ba a biyan wani kuɗi na daban a kanta, tana cikin kuɗin wata da ake biya na shagon.

Yadda take aiki bai da wuyar ganewa ga duk wanda ya taɓa ba yaron shago umarni. Kowane aiki yana da mafari, wato abin da idan ya faru za ta farka. Yana da sharaɗi, wato tambayar da za ta yi kafin ta motsa. Yana kuma da mataki, wato abin da za ta aikata idan amsar ta zo daidai. A kan allo abin yana fitowa kamar akwatuna da aka haɗa da layi, wannan yana kaiwa ga wancan. Namu na farko cewa yake yi: idan adadin wani kaya ya canza, a duba ko ya kai sifili, idan ya kai a manna masa laƙabi. Na biyu kuma akasinsa ne: idan adadin ya haura sifili, a cire laƙabin. Akwai samfuran ayyuka da kamfanin ya riga ya shirya, har da na kayan da suka ƙare, saboda haka ba daga tushe ake farawa ba, ana ɗauko samfuri ne a gyara shi ya dace da shago. Ɗan yayata ya haɗa waɗannan biyun a zama ɗaya tsakanin La'asar da Magariba, ina gefensa ina kallo.

Sunan laƙabin ne ma ya fi cin mana lokaci. Ni na ce a rubuta "ya ƙare", shi kuma ya nuna mini cewa wayoyin yaran shago ba su da ƙ mai lanƙwasa, idan wani ya zo neman laƙabin ko ƙara shi da hannu zai rubuta k talaka, kwamfuta kuma ta ɗauke su a matsayin laƙabi biyu mabambanta. Na ce to a bar shi babu lanƙwasa. Ya rubuta "ya-kare", ya dube shi, ya ce, "Kawu, wannan ai kiran kare ne, idan Hajiyoyi suka gani a jikin leshin dubu hamsin ba za su ji daɗi ba." Haka muka koma ga "babu", kalma ce gajeriya, babu lanƙwasa a cikinta, kuma ko Bafulatanin da bai iya Hausa sosai ba ya san ta. Shawarar da zan ba duk mai shirin yin wannan aiki ita ce ya zaɓi laƙubba marasa ƙ da ɗ da ɓ, ya rubuta su a takarda ya manna a bango, kada kowa ya ƙirƙiro nasa.

Kuskurenmu na farko ya fito ne a kan shadda, kuma a nan ya kamata mai karatu ya natsu, domin duk mai sayar da yadi zai ci karo da shi. A tsarin Shopify, kaya ɗaya yana iya samun nau'o'i da yawa a ƙarƙashinsa, kamar shadda iri ɗaya mai launi shida, kowane launi da adadinsa. Laƙabi kuwa a jikin kayan gaba ɗaya yake zama, ba a iya manna shi a kan launi ɗaya. Mu kuma a sharaɗinmu mun sa a duba adadin nau'in da ya canza. Ranar da fara ta ƙare, wadda ita ce ke fara ƙarewa kullum saboda Juma'a da ɗaurin aure, sai shaddar gaba ɗaya ta sami laƙabin "babu", alhali shuɗiya da ruwan toka da ruwan ƙasa suna jibge a kanta. Mun yi kwana uku ba mu lura ba. Manhajar ta yi abin da muka ce ta yi ne, mu ne ba mu san abin da muke cewa ba. Gyaran shi ne a raba aikin gida biyu. Laƙabin "babu" yanzu ba ya hawa sai jimillar dukan launuka ta kai sifili. Ga launi ɗaya kuwa, Flow tana iya ɗauko sunan nau'in ta liƙa shi a cikin laƙabin, sai ya fito "babu-fara" ko "babu-shudi", wanda hakan ya fi amfani nesa ba kusa ba ga mai zuwa sari, domin ba ya zuwa Kano ya ce a ba shi shadda kawai, launi yake kira.

Akwai wasu ƙananan tarkuna guda biyu ko uku da zan ambata a taƙaice. Kayan da ba a kunna musu bin diddigin adadi ba, Flow ba ta san da zamansu ba, ko sun ƙare ko suna nan. Idan kuma an ba wani kaya izinin ci gaba da sayuwa bayan ya ƙare, adadinsa yana iya gangarawa ƙasa da sifili, don haka sharaɗin ya zama "sifili ko ƙasa da shi", kada a ce "daidai da sifili" kawai. Sannan aikin yana farawa ne daga ranar da aka kunna shi, ba ya komawa baya, saboda haka kayan da suka riga suka ƙare tun kafin ranar sai da muka tace su a jerin kaya muka manna musu laƙabin a dunƙule da hannu.

Yanzu ga wata gaskiya da ban ji masu tallar irin waɗannan manhajoji suna faɗa ba. Idan burin mutum kawai shi ne kada mai saye ya biya kuɗin abin da babu, bai buƙatar Flow ko kaɗan. Shagon Shopify da kansa yana rufe maɓallin saye idan adadi ya kai sifili, kuma fuskokin shago irin su Dawn suna rubuta "Épuisé", wato ya ƙare, a kan hoton ga wanda ya sa shagonsa a Faransanci. Haka nan rukunin kaya mai cika kansa yana karɓar sharaɗin cewa kada ya nuna sai abin da adadinsa ya haura sifili. Duk wannan babu laƙabi a ciki. Na yi makonni ina tambayar kaina, to me muka ƙaru da shi?

Amsar ta zo ranar shirin sari. A da, kafin in tafi Kano ko in aika, sai mu rufe ƙofa bayan Isha'i, ni da yara biyu, mu bi kanta ɗaya bayan ɗaya da tocila, muna tuna abin da ya kamata ya kasance a wurin da babu kowa. Abin da ya ƙare shi ne ya fi wuyar gani, domin gurbinsa ba ya zama fanko, wani turmin ake turawa ya cike shi, har a manta an taɓa sayar da shi. Yanzu ina buɗe jerin kaya a waya, in tace da laƙabin "babu", sai jerin ya fito da hoto da lambar zane da farashin da muka sayar. Shi nake turawa ga dillalinmu a Kantin Kwari tun kafin in taso, ya nemo abin da ake samu ya ajiye. Ga wanda ke Garwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kayan Kano sai sun biyo ta Yola ko ta Mubi sun tsallako iyaka, na Duwala kuma sai sun hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, inda layin dogo ya ƙare, sannan su hau babbar mota su yi tafiyar kusan kilomita 280 ta gangaren Mbe. Wanda ya manta zane ɗaya a wannan zuwan, sai wani zuwan, kuma kafin nan farashi ya motsa, musamman tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na 2023. Mun kuma haɗa aikin da Google Sheets, manhajar jadawalin lissafi ta intanet, ta yadda duk kayan da ya ƙare ana rubuta sunansa da ranar a layi guda, daga nan ne na fara ganin zanen da ke ƙarewa cikin mako biyu da wanda ke kwana wata huɗu kafin ya tafi.

Wasu suna sa Flow ta ɓoye kayan gaba ɗaya daga shago da zarar ya ƙare, kuma tana iya yin hakan. Mun gwada, muka daina. Yawancin masu sayenmu ba ta ƙofar shagon suke shigowa ba, mahaɗin kaya ɗaya ne ake tura musu ta WhatsApp ko su gani a Facebook, kuma mahaɗin yana yawo daga waya zuwa waya har wata da watanni. Idan aka ɓoye kayan, wanda ya latsa mahaɗin zai tarar da shafin da ke cewa ba a sami komai ba, ya ɗauka shagon ne ya mutu. Idan kuwa aka bar shi da alamar ya ƙare, yana ganin hoton, yana ganin makamantansa a ƙasa, sau da yawa kuma yana rubuto mana ya tambayi ranar dawowarsa. A nan ne kuma bambancin da kowane ɗan kasuwar yadi ya sani yake shigowa, wato tsakanin kayan da ya ƙare da kayan da ya yanke. Wanda ya ƙare a wurinmu ne babu shi, yana nan a Kwari ko a Duwala. Wanda ya yanke kuwa an daina buga zanen, ko da kuɗi a hannu ba a samu. Kwamfuta ba ta da hanyar sanin wannan, a wurinta duka sifili ne. Misali mafi kusa shi ne atamfar 8 ga Maris ta ranar mata, wadda aka saba kamfanin CICAM ke bugawa, kamfanin da aka kafa a 1965 mai masaƙa a nan Garwa: kowace shekara da zanenta, idan ta ƙare kafin ranar abin nema ce ruwa a jallo, idan ranar ta wuce babu mai sake saro ta, wadda ta rage ma kwantai ce. Irin waɗannan muna manna musu "ya-yanke" da hannu, kuma su kaɗai muke ɓoyewa.

Laƙabin da na fi ji da shi ba na sifili ba ne ma. Darasin Hajiyar Marwa ya koya mini cewa ga mai neman anko, turmi 5 da babu duk ɗaya ne. Saboda haka muka ƙara aiki na uku: duk atamfar da adadinta ya sauka ƙasa da 10 tana samun laƙabin "saura-kadan", ana kuma cire mata laƙabin "anko" wanda shi ke sa ta bayyana a rukunin da muka ware wa masu biki. Mai neman turmi ɗaya na ɗinkin kanta tana ganinta a sauran shagon, uwar biki kuwa ba ta ganinta a inda take dubawa, balle ta ɗauki hoto ta raba wa dangi. Wannan abu ne da saitin shagon shi kaɗai ba zai kawo wa mutum a zuciya ba, kuma a ganina a irin wannan ne Flow ta fi nuna amfaninta, domin tana barin ɗan kasuwa ya zuba sanin sana'arsa a cikin ƙa'ida, ta ci gaba da binta ko yana barci. Tana aiki ne a kan na'urorin kamfanin, ba a kan wayarmu ba, don haka ko an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, a unguwa, abin da ba baƙo ba ne a arewa inda wuta ta daɗe tana dogaro da madatsar Lagdo, odar da ta shigo da tsakar dare tana rage adadi, laƙabi kuma yana hawa.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Flow ba ta ganin kantar shago, lambar da aka rubuta mata kawai take gani. A ranar da Hajiya ta yi odarta, lambar 14 ce, kuma da Flow tana nan a lokacin da ta bar atamfar a rukunin anko hankalinta kwance, domin turmi 9 da suka fita ta ƙofar shago babu wanda ya gaya wa kwamfuta. A shago irin namu, inda cinikin hannu ya ninka na intanet, wannan ita ce babbar matsalar, kuma maganinta ba ya cikin manhajar da nake magana a kai. Sai da muka sa manhajar Shopify POS, wadda ake shigar da cinikin hannu a cikinta, a wayar shago, muka kafa doka cewa turmi ba ya shiga leda sai an shigar da shi, sannan laƙubban suka fara faɗin gaskiya. Dokar ta sha wuya kafin ta zauna. Yaro yana tsaye, mata huɗu suna taya kaya lokaci guda, wata tana cewa a ƙara mata haske ta ga launi, rezon waya kuma yana jan ƙafa, sai ya ce zai shigar daga baya, daga baya kuma ba ya zuwa. Yayana, wanda muke shagon tare, ya fi kowa tirjiya. Ya ce mini, "Kai dai ka cika son wahala, shekara talatin ina wannan kasuwa ban taɓa manta abin da na sayar ba." Ban yi masa musu ba, babba ne, amma na roƙe shi ya riƙa ajiye takardar jikin kowane turmin da ya sayar a cikin wani gwangwani, da yamma yaro ya shigar da su. A haka muka daidaita, kuma har yau cinikinsa yana isa kwamfuta ne bayan Magariba, wanda ke nufin akwai sa'o'i a kowace rana da lambar ke iya yin ƙarya.

Cinikin WhatsApp ma haka yake. Mace za ta turo hoto ta ce a ajiye mata biyu, kuɗi na zuwa gobe. Idan ba a buɗe mata daftarin oda an keɓe kayan ba, shagon yana ci gaba da tallarsu ga kowa. Kishiyar wannan kuma ita ce odar da ba a biya ba. Mu muna karɓar kuɗi ta Orange Money da MTN Mobile Money a matsayin biyan hannu, wato mai saye ya kammala oda, ya turo kuɗin, mu tabbatar. Shagon yana cire kayan daga adadin da ake iya sayarwa tun lokacin da aka yi odar, ba ya jiran kuɗi. Akwai masu yin oda don nishaɗi, ko don su ga jimillar kuɗi da na aikawa ta ajans ɗin motoci, su tafi abinsu. Sai ka ga leshi yana ɗauke da "babu" alhali yana kan kanta yana kallonka, har na taɓa sa shi a jerin sari. A nan Flow ce ta gyara abin da kanta: mun gina aikin da ke jira awa 24 bayan kowace oda, ya duba ko an biya, idan ba a biya ba ya soke ta ya mayar da kayan cikin adadi, laƙabin kuma ya sauka. Wanda ya ba da kafin alƙalami muna yi wa odarsa alama, aikin ya tsallake ta.

Maganar kuɗi ba ta da daɗi sosai. Flow kyauta ce, amma gidan da take zaune a ciki haya ne. A Amurka tsarin Basic ya koma dala 39 a wata tun 2023 ga mai biya wata-wata, dalar Amurka nake nufi ba dalarmu ta sefa 5 ba, kuma farashin yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka kowa ya duba abin da aka nuna masa. Da katin banki ake biya, kuma da yake sefa tana ɗaure ne da yuro, a kan 655.957 kowane yuro ɗaya, abin da ake cirewa yana hawa yana sauka gwargwadon yadda dala ta kwana. Tsarin karɓar kuɗi na kamfanin, Shopify Payments, ba ya aiki a Kamaru ko Cadi, kuma wanda ya haɗa shagonsa da wata kafar biya ta waje ana cire masa kashi 2 cikin 100 na kowane ciniki a tsarin Basic, ban da abin da ita kafar ke ɗauka. Biyan hannu ba a cire masa wannan kaso, shi ya sa muka tsaya a kansa duk da wahalar tabbatarwa. Wani abokina a Kusiri, wanda rabin masu sayensa daga Njamena suke tsallako gadar Ngeli, ya zaɓi WooCommerce, manhajar da ke hawa kan WordPress wadda ta fito a 2011, kamfanin Automattic ya saye ta a 2015. Ita kyauta ce, tana da wurin latsawa ɗaya da ke ɓoye kayan da suka ƙare, tana kuma aika saƙon imel idan kaya ya yi ƙasa, amma shi ke biyan masaukin shafin, shi ke kula da sabuntawa, kuma laƙubba masu sharaɗi irin namu na anko sai ya ƙara wata manhaja ko ya nemi mai rubuta masa. Wanda yake da yaro masanin kwamfuta a gida kullum, wannan hanya za ta fi masa sauƙin kuɗi. Ni nawa yaron yana shirin tafiya Yawunde neman aiki, shi ya sa na fi son abin da ba ya buƙatar a tsaya a kansa.

Harshe ma abin dubawa ne. Shafin gudanar da shago yana da Faransanci, babu Hausa, babu Fulatanci, kuma da zarar an shiga cikin sharaɗi ana zaɓen abin da za a auna, sunayen da ake gani na masu rubuta manhaja ne da Turanci, irin waɗanda ko mai Turancin ma sai ya yi tunani. Bambanci tsakanin adadin nau'i ɗaya da jimillar kaya, wanda ya jefa mu cikin rikicin shadda, a cikin waɗannan sunaye yake ɓoye. Ban ga yadda ɗan kasuwar da karatunsa na allo ne, ko ya tsaya a firamare, zai gina aikin farko shi kaɗai ba, ko da yake bayan an gina masa babu abin da zai riƙa taɓawa sai tace jeri. Sanarwa kuma ta imel take zuwa, ko ta Slack, wata manhajar saƙonni ta ma'aikatan ofis, abubuwan da ba su ne muke buɗewa da safe ba. Saƙon WhatsApp ba ya cikin matakan da ta zo da su, sai an haɗa da manhajar wani kamfani, mafi yawansu kuma na kuɗi ne. Na koyi duba imel dole, kamar mai shan magani.

Wanda kayansa ba su wuce iri 30 ko 40 ba, yana kuma zaune a shagonsa daga safe har dare, ba na ba shi shawarar ya kama hayar Shopify saboda wannan aiki, idonsa ya ishe shi. Wanda kuma ya riga yana da shagon, kayansa sun kai ɗaruruwa, yana da sito daban da kanta, yana sari daga nesa, to ya ɗora Flow yau, ya fara da laƙabi biyu kawai, na ƙarewa da na saura kaɗan, ya gwada su a kan kaya ɗaya mai launuka da yawa kafin ya sake su a kan shagon duka.

Abu ɗaya ne har yanzu ba mu warware yadda nake so ba, shi ne rabin turmi. Turmin atamfa yadi 6 ne, kuma akwai mata da yawa da ke son yadi 3 na zani da ɗankwali ko na ɗinkin yara. Idan muka sa turmi da rabi a matsayin nau'i biyu, kowanne da adadinsa yake tafiya, yanka turmi ɗaya ba ya rage wancan ya ƙara wannan da kansa, sai a wayi gari shagon yana tallar cikakken turmin da almakashi ya riga ya raba. A yanzu mun daina sayar da rabi ta intanet, sai a kanta, kuma duk wanda ya yanka turmi yana cire shi daga adadi nan take, ya ajiye ragowar a wani kwali da ke ƙarƙashin teburin awo. Kowace Alhamis da dare muna juye kwalin, mu ƙirga abin da ke ciki, sannan mu ɗauki kanta biyu mu gwada ƙirgarsu da abin da waya ke nunawa. A makon jiya bambancin turmi 2 ne, dukansu kuma an samo takardunsu a gwangwanin Yaya.